Igiyar Sa a Ɗakin Kwamfuta

Dalilin da ya sa kuke ganin tsohuwar igiyar san noma a rataye a ɗakin kwamfuta na rediyon Muryar Fadama, alhali ko akuya ba ta taɓa leƙa ɗakin ba, shi zan faɗa muku yau. Ku matso, kai kuma mai gyangyaɗi ka gyara zama.

A da bangon nan fayau yake. Barira ce ke kula da sabar gidan, wato na'urar da ake adana duk shirye-shirye a cikinta. Sabar ba ƙarfe ce da za ku dafa ba. Wani yanki ne aka tsaga musu a cikin wata ƙatuwar na'ura a can wani gari, daga nesa Barira ke juya ta.

Barira 'yar manoma ce, don haka tsarin gandu ta yi wa ajiyar. Duk faifan ajiya da aka samu sai ta zuba shi a gandu ɗaya, sannan ta yanka wa kowane sashe gayaunarsa, wato ɗan yankinsa. Amfanin haka, in wurin wani ya cika ana iya matsa masa iyaka ba tare da an rushe komai ba. Sai dai ranar rabo Malam Tanimu, shugaban sashen labarai, ya kafe sai an ba shi rabi, sauran suka wawashe ragowar. Gandu ya tashi ba ko taku ɗaya da ya rage.

Wata Talata, ranar kasuwa, sai ga wani tsoho, Baba Nomau daga Tungar Gwanki, ɗauke da kwali an ɗaure shi tamau da igiyar san noma. Kaset ne a ciki na waƙoƙin gayya, waɗanda ya yi ta naɗa tun yana saurayi. Shekara biyu Barira tana roƙonsa ya ba da aro.

"Ga su nan, 'yata," in ji shi. "Amma motar garinmu na tashi da la'asar, ni da su za mu koma. Ba sa kwana a wani wuri."

Barira ta duƙufa tana kwafe su cikin saba. Da azahar, saura kaset takwas, saba ta ce wurin adana tarihi ya cika maƙil. Ta san tsohon ba zai sake zuwa ba, zaren kaset ɗin kuma ya fara ruɓewa. Ta ruga ofishin Malam Tanimu.

"Malam, don Allah a sam mini kaɗan daga wurinku. Ko kashi ɗaya cikin goma ba ku cika ba."

Bai ko ɗago kai daga jarida ba. "A taɓa mini wuri saboda waƙar noma? In babban labari ya faɗo gobe, a aljihunki zan zuba?"

Ta fito rai a ɓace. Ta buga wa masu kula da babbar na'urar waya, suka jona mata sabon faifai. Ta zuba shi a gandu, ta matsa iyakar gayaunar tarihi, ta sa kaset. Saba ta ce a cike take. Ta duba, wuri ya ƙaru. Ta sake gwadawa, a cike. Ga yaran mota sun fara kiran fasinja a bakin kasuwa.

Baba Nomau, da ke zaune yana ɓare gyaɗa, ya ce, "Wai me ya hana ta ci?"

"Baba, na ƙara mata fili, amma ta tsaya a inda ta saba tsayawa."

Tsoho ya yi dariya har da tari. "Ashe san noma gare ki! Shekarar da na haɗe gonar ƙanena da tawa, sana in ya kai tsohuwar iyaka sai ya juyo, ko za ka kashe shi. Sai da na kama igiya na tsallakar da shi da hannuna."

Barira ta dafe kai. Ta faɗaɗa fili, amma ta mance da abin da ke jera fayiloli a cikinsa, wanda har yanzu tsohuwar iyaka ya sani. Layi ɗaya ta rubuta ta umarce shi ya miƙe har sabuwar iyaka. Nan take kaset ya shige.

Suna kan na ƙarshe Malam Tanimu ya leƙo, wai a rage masa ƙara. Daga lasifika wata murya mai kauri ta ɗaga waƙa, manoma suna amsawa. Ya tsaya cak a bakin ƙofa.

"Wane ne wannan?"

"Ilu Mai Kalangu ne, na Tungar Gwanki," in ji Baba Nomau. "Allah ya ji ƙansa. Ya bar ɗa ƙarami, aka kai shi birni wurin kawunsa."

Malam Tanimu ya zauna a ƙasa, da babbar rigarsa da komai. Shi ne ɗan nan, yana shekara huɗu mahaifinsa ya rasu, ko hotonsa ba shi da shi. Ya ce, "A maido daga farko." Aka maido. Shi ya kai Baba Nomau gida a motarsa, da kwalin a kujerar gaba. Igiyar kuwa a ɗakin aka mance ta, washegari Malam Tanimu ya buga ƙusa da kansa ya rataye ta.

Shi ya sa har yau igiyar ke nan a bango, kuma duk wanda ya ƙara wa saba wuri sai an tambaye shi, "Ka ja san?" Shi ya sa kuma ba a rabe gandu ƙarƙaf, ana barin saura don mai zuwa da kwali. Wannan dokar Malam Tanimu ne ya kafa ta, kuma daga wurinsa aka fara yanka.