Saƙon Baffa Hammadu da Ya Salwanta a Hanyar Rano

Akwai wani matashi a garin Rano mai suna Salahuddeen, sana'arsa ɗaukar bidiyo da tace shi. Biki ne, suna ne, saukar karatu ce, duk inda aka kafa rumfa tsakanin Rano da Kibiya za ka gan shi da kyamara a kafaɗa. Kuma gaskiya Allah ya ba shi hannu. Aibinsa ɗaya ne: tun da aka fara yabonsa kansa ya kumbura, ya zama ba a gaya masa.

Da yake kullum yana kan hanya, a hanyar yake yin rabin aikinsa. Cikin kwamfutarsa ya daɗe da cika, sai ya shiga Kano neman ma'ajiya ta waje, irin wadda ake jonawa da 'yar igiya a zuba bidiyo a ciki, a jefa a jaka.

Ya je shagon Malam Gwadabe, wani dattijo da ya tsufa a gyaran kwamfuta. Dattijon ya ɗora masa guda biyu a kan teburi. Ɗaya mai kauri, tana cin tera huɗu, wato ma'aunin yawan bidiyon da za ta iya ɗauka. Ɗayar 'yar mitsitsiya kamar kwalin ashana, tera ɗaya kacal.

"Wannan babbar faifai ne yake juyawa a cikinta, allura tana karanta shi," in ji Malam Gwadabe. "Ta mai zama a ofis ce. In tana cikin aiki ta bugu, shi ke nan ta tafi. Ƙaramar kuwa ita ake ce wa SSD, babu abin da ke motsi a cikinta, ga sauri wajen tacewa. Kai da kullum kana kan babur da motar haya, ita ce taka. Kuma ko ita ɗin, kada ka bar aikin mutane a wuri ɗaya, ka riƙa ajiye biyu."

Salahuddeen ya yi dariya. "Haba Baba, shekarata shida a harkar nan, ko hoto ɗaya ban taɓa ɓatarwa ba. Ya zan bar huɗu in ɗauki ɗaya? Sa min babbar a leda."

"To, Allah ya tsare," in ji dattijon.

Ƙaramar ta ɗan fi tsada, amma ba wai ba shi da halin sayenta ba ne, jama'a. So yake abokan sana'a su ji an ce Salahu tera huɗu yake yawo da ita.

Ana tsakiyar damina, wata mata mai suna Hadiza ta same shi a shagonsa. Daga wata ruga take kusa da Fassi. Ta ce mahaifinta, Baffa Hammadu, jiki ya ƙi daɗi. Yayanta Badamasi kuma shekara bakwai ke nan yana ƙasar waje, kuma ba da daɗi suka rabu da tsohon ba, domin ya bar kiwo ya tafi ba da yardarsa ba. Tun daga ranar Baffa bai ƙara karɓar wayarsa ba.

"Yanzu shi da kansa ya ce yana da magana da shi," in ji Hadiza. "Amma ya ce ba ta waya ba, so yake Badamasi ya ga idonsa. Ga rugarmu ko kira da ƙyar yake shiga. Shi ya sa na zo gare ka."

Washegari da hantsi Salahuddeen ya isa rugar. Aka fito da tsohon, aka jingina shi da gindin tsamiya a kan buzu, sanye da farar rigarsa ta Juma'a. Ya rame ƙwarai, amma idonsa tar. Ya ɗaga hannu ya sallami kowa, har da Hadiza, ya ce wannan magana ce tsakanin uba da ɗansa. Sannan ya dubi mai kyamara.

"Yaro, kana jin Fulatanci?"

"Ko zo in kashe ka ba na ji, Baffa."

"Madalla. Kunna abinka."

Minti arba'in tsohon yana magana. Da ya gama, ya shafa fuskarsa, ya ce a mai da shi ɗaki.

Hadiza ta biyo Salahuddeen har gindin babur. "Malam Salahu, don Allah ka zuba min a wayata yanzu. Gobe in na shiga Kibiya sai in tura masa haka nan."

"Ni ba na sakin ɗanyen aiki," in ji shi yana ɗaure jaka. "Sai na gyara haske, na cire kukan shanu, na sa sunana. Ki ba ni sati ɗaya."

"Jikin Baffa nake ji. Mu ba kwalliya muke nema ba, muryarsa kawai."

"Ki bar ni da aikina, ni na san abin da nake yi."

Ta haƙura ta bar shi ya tafi, domin ba ta son ta ɓata wa wanda ya zo taimako rai.

Kwana biyu bayan haka aka kira shi biki a Kahu. Memorin kyamara ya cika, sai ya kwashe maganar Baffa ya zuba a babbar ma'ajiyar, ya goge memorin tas, ya shiga ɗaukar biki a kansa. Ke nan a duk faɗin duniya, wuri ɗaya tak maganar tsohon nan take.

Da aka tashi daga bikin, babur ɗinsa ya samu matsala, ya bar shi wajen mai gyara a Kibiya, ya shiga motar haya zuwa Rano. Ya zauna a gaba, ya ɗora kwamfuta a cinya, ya jona ma'ajiyar, ya ce bari ya rage aiki. Fuskar Baffa ta bayyana ke nan, direba ya kauce wa akuya, ya faɗa wani rami da ruwan sama ya rufe. Motar ta yi tsalle. Ma'ajiyar ta fizge daga igiyarta ta bugi ƙarfen ƙasan kujera.

Ya ɗauko ta ya sake jonawa. Ƙis, ƙis, ƙis. Ya cire, ya hura mata iska, ya yi bisimilla ya mayar. Ƙis, ƙis, ƙis. Gumi ya karyo masa duk da sanyin hadarin da ake yi.

Da safe ya wuce Kano. Malam Gwadabe ya kara ma'ajiyar a kunne ya saurari ƙararta. Ya kai shi wajen masu buɗe irinta. Suka duba suka ce allurar ta kankare faifan, babu abin da za a tsamo. Aka gwada memorin kyamara. Rawar ƙawayen amarya tana nan lafiya lau, a daidai gurbin da maganar Baffa ta zauna.

Yana tsaye a bakin shagon wayarsa ta yi ƙara. Hadiza ce, muryarta a dishe.

"Malam Salahu, Baffa ya cika ɗazu. Badamasi ya ce zai taho. Ya ce ka adana masa abin nan, shi kaɗai ya rage masa."

Salahuddeen ya yi salati, ya durƙushe a gefen titi. Ya kasa gaya mata.

Kwana tara yana ganin kiranta yana kasa ɗauka. Abinci ya daina shiga masa. A na goma ya ga gudun ba inda zai kai shi, ya hau babur ya nufi Fassi.

Ya tarar da Badamasi zaune a kan tabarmar karɓar gaisuwa, dogon mutum mai kama da tsohon sak. Da aka ce ga mai kyamara, ya miƙe da sauri ya riƙe hannunsa da hannu biyu.

"Sannu ɗan'uwa, Allah ya saka. Tun da na sauka kai nake jira. Ina yake?"

Salahuddeen ya zube a gabansa. Ya faɗi komai, bai rage ba: shawarar da aka ba shi ya ƙi, roƙon da Hadiza ta yi masa ya watsar, da ramin hanyar Rano. Hadiza ta ja mayafi ta rufe fuska.

Badamasi ya koma ya zauna a kan tabarma. Can ya nisa.

"To, Allah ya ƙaddara. Amma ai kai kana wurin. Gaya min da bakinka. Ya yafe min?"

"Wallahi ba na jin Fulatanci. Don haka ma ya bar ni na zauna."

"Ko kalma ɗaya ba ka riƙe ba?"

"Sunanka kawai na gane. Ya kira shi sau da yawa."

Badamasi ya matso, idonsa ya cika. "Da yaya ya kira shi? Da fushi, ko da daɗi?"

Ƙarya ta zo wa Salahuddeen har leɓe, domin kalma ɗaya za ta sanyaya zuciyar bawan Allahn nan. Amma ya ji tsoron sa wa mamaci magana a baki. Ya lalubi ranar a ƙwaƙwalwarsa, bai samu komai ba sai inuwar ganye da ta dame shi da batirin da yake ta dubawa.

"Ban lura ba," ya ce, hawaye na zuba. "Haske nake gyarawa."

Badamasi bai zage shi ba, bai ɗaga murya ba. Ya saki hannunsa a hankali, ya juya ya nufi garken mahaifinsa. Ya tsaya cikin shanun ya ba mutane baya, kafaɗunsa suna rawa, kuma babu wanda ya iya bin sa.

Darasi: Abin da aka damƙa maka amana ce, kada ka zaɓa masa ma'aji don ganin ido, ka zaɓi wanda zai jure irin hanyar da kake bi, kuma ka ajiye shi wuri biyu. In wanda ya girme ka a sana'a ya ba ka shawara, ka sauke kai ka ji, domin wani lokacin kai za ka yi girman kan, wani ne zai kwana da ciwon har abada. Ku tura wa duk mai riƙe da hotuna da muryoyin mutane, ko Allah zai sa ya gyara tun kafin ya ce da na sani.