Gem Ɗin Mamuda a Gidan Yari

To, ku gyara zama, ga wata nan na kawo muku. Babu Gizo a cikinta, babu Ƙoƙi, ta zamaninku ce, ku masu danne-danne. In na kai ƙarshe kuwa, ba mai tashi sai kun yanke mini hukunci.

A wani gari an yi wasu samari biyu, Sabi'u da Mamuda, aminai tun ana yawo ba wando. Sabi'u gyaran babur yake yi, Mamuda kuma yana taya mahaifinsa Malam Zubairu sayar da hatsi a kasuwa. Da an tashi daga aiki ba inda za ka same su sai ɗakin Mamuda na soro, gaban talabijin, suna buga ƙwallo a na'urar nan da kuke kira gem. Kowa da hannunsa, wato abin da ake riƙewa ana dannawa. Na Mamuda ya taɓa faɗuwa ya tsage, ya naɗe shi da jan salatif, kuma ko hakimi ne ya zo ba zai ba shi aro ba. Su yi ta ihu har Malam Zubairu ya leƙo ya ce, "Ƙatti da ku, kuna bin ƙwallon da ko iska babu a cikinta."

Ranar wani ɗaurin aure samari suka fito rakiyar ango da babura, ana irin wasan banzan nan na ɗaga ƙafar gaba a kan kwalta. Sabi'u gwani ne, amma gwani ma ruwa kan ci shi. Mamuda na bayansa yana cewa, "Ya isa haka, Sabi'u, ya isa haka," shi kuwa yana dariya yana ƙara wuta. Taya ta zame. Sabi'u ya tashi da ƙujewa a gwiwa, Mamuda bai tashi ba. Alƙali ya kama Sabi'u da laifin tuƙin ganganci, ya aika shi gidan yari na 'yan shekaru.

Wasu in an ɗaure su sai su yi ta kukan an zalunce su. Shi Sabi'u gani yake an yi masa rangwame. Ko yaushe ya rufe ido sai ya ji "ya isa haka" a bayan kunnensa. Ya fara daina hira, daga nan ya daina amsa sallama, daga nan ya daina cin gabza, tuwon nan na gidan yari da ko mai lafiya sai ya daure yake haɗiyewa. Uwarsa ta kawo masa dambu ranar ziyara, ya dube shi kamar ƙasa aka zuba masa a kwano. Likitan gidan ya duba, babu zazzaɓi babu tari, ya ce wannan ciwo ba na allura ba ne. Yaro ya zama ƙashi da rai, kwance ya juya wa duniya baya, kowa ya gan shi ya san in aka ci gaba a haka gawarsa za a miƙa wa uwarsa.

Mutum uku ne suka shiga lamarinsa. Na farko wani gandiroba ne mai suna Haladu. Ba wani babba ba ne, ɗan tsaron ɗakuna ne kawai, ga shi da faɗa kamar zakara. Wata rana yana zagaye ya tsaya a kan Sabi'u, sai ya lura manyan yatsunsa biyu suna motsi a kan bargo, wannan ya danna, wancan ya karkata. Haladu yana da samari a gida, ya san wannan motsi sarai. Ya tari uwar yaron ya tambaye ta, ta ba shi labarin ɗakin soro. Daga nan ya wuce wajen shugaban gidan, ya roƙa a bari a haɗa gem da talabijin ɗin ɗakin kallo. Shugaba ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Haladu, nan gidan yari ne ko gidan biki? Mutanen da aka kashe wa 'ya'ya, aka fasa wa shaguna, su ji masu laifi na nan suna buga ƙwallo a inuwa, me za mu ce musu?" Kada ku yi saurin zagin shugaban nan, maganarsa tana da nauyi. Amma Haladu ya nace, kullum yana bakin ofis kamar mai jiran gado, yana cewa alƙali shekaru ya yanke wa yaron nan, bai yanke masa kisa ba. Da shugaba ya gaji sai ya kafa sharaɗin da yake ganin ba mai iya cikawa. Ya ce, "In uban yaron da ya mutu ya yarda, na yarda. In kuma fitina ta tashi, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa." Haladu ya ce ya ji ya ɗauka. Ranar hutunsa ya tafi gidan Malam Zubairu, aka kore shi, ya sake komawa.

Na biyu shi ne Malam Zubairu. Da ya ji abin da ya kawo gandiroba, sai ya fusata. Ya ce, "Ɗana yana ƙarƙashin ƙasa, ka zo ka ce in ba da izini wanda ya kai shi can ya yi wasa? Kai kana da ɗa kuwa?" Haladu ya ce, "Ina da su, Malam. Shi ya sa na zo. Yaron nan mutuwa zai yi." Malam Zubairu ya juya ya shige gida. Tun rasuwar Mamuda ɗakin soro yake kulle, uwarsa kaɗai ke shiga lokaci-lokaci ta zauna ta fito da jajayen idanu. Ran nan shi ma ya buɗe ya shiga. Ga hannayen gem biyu a kan tabarma gefe da gefe, yadda yaran suka ajiye su ranar da suka fita. Ya tsaya yana tuna ihun da yake ƙorafi a kai, ya tuna ihun nan na mutum biyu ne, kuma na biyun yaro ne da ya ci tuwo a gidan nan tun bai iya wanke hannu ba. Ba zan ce muku ya yafe a ranar ba, don ban shiga zuciyarsa ba. Ya dai kwashe na'urar da hannayenta ya zuba a buhun gero. Matarsa ta riƙe bakin buhu tana kuka, tana cewa abin da ya rage mata ke nan na ɗanta. Ya ce mata, "Gawa ɗaya ta ishi unguwar nan." Ya ɗaure buhu a bayan kekensa ya kai har ƙofar gidan yari. Aka ce ya shiga ya ga Sabi'u, ya ce a'a, bai kai nan ba tukuna. Matarsa ta daɗe ba ta yi masa magana ba, 'yan kasuwa kuma suka riƙa nuna shi da baki suna cewa ya wulaƙanta jinin ɗansa.

Kuna tsammanin shi ke nan an samu lafiya ko? Ai ba haka abin ya zo ba. Da aka haɗa gem, fursunoni suka cika ɗakin kallo kamar ranar Salla, aka tallabo Sabi'u aka kawo shi. Idonsa na sauka kan jan salatif ɗin nan sai ya runtse ido, ya juya fuska ga bango. Da can yakan kurɓi ruwan koko, daga ranar ko shi ya daina. Haladu ya rasa inda zai sa kansa, ga shi ya nemo magani ya zama guba.

Na uku wani tsoho ne, Baba Iliya, mai ɗaurin rai da rai. Tun yana da baƙin gashi ya kashe mutum a rikicin iyakar gona, a nan ciki furfura ta same shi. Shi ne shugaban ɗakinsu Sabi'u, in ya yi gyaran murya ƙattin 'yan fashi ma sai su nutsu. Kuma shi ne kan gaba wajen ƙin gem ɗin, yana cewa shiririta ce da za ta hana yara salla. Sai dai ya san ciwon Sabi'u, don shi ma ya taɓa kwanta irin wannan kwanciya a shekararsa ta farko. Ya sa aka riƙa fito da yaron bayan azahar wai ya sha iska, a jingine shi a ɗakin kallo. Shi kuwa ya je ya zauna daidai gabansa, ya zaɓi hannun nan mai jan salatif, ya riƙe shi a kife, ƙasa a sama. Jama'a, ba a taɓa ganin wasa mai muni irin na tsohon nan ba. Ɗan wasansa ya ɗauki ƙwallo ya fita da ita waje, ya dawo ya tsaya yana juyi shi kaɗai kamar mai bori, sannan ya nufi ragarsa da gudu. Yara suka yi ta shan shi suna faɗuwa don dariya, har suka laƙaba masa suna Baba Ci-gida. Mutumin da ba a iya haɗa ido da shi ya zama abin tsokana. Bai fasa ba, kullum sai ya zo, yana matsa abin da yatsunsa masu kaushi kamar mai ɓare gyaɗa, har yana ɗan ɓanɓarar salatif ɗin da farce.

Sabi'u ya daure, ya daure. Rannan tsoho ya sake kwasar ƙwallo ya nufi ragarsa, sai aka ji wata murya a shaƙe daga jikin bango: "Baba, juya shi! A kife ka riƙe! Kuma ka daina cire masa salatif!" Baba Iliya ya waiwayo a hankali ya ce, "Au, ashe kana da baki? To zo ka nuna mini, ɗan nan." Sabi'u ya rarrafo ya miƙa hannu, tsoho ya janye. Ya ce, "Dokar ɗakin nan, wanda bai ci gabzarsa ba ba ya riƙe hannu." Wallahi babu wata doka irin wannan, a nan take ya ƙirƙiro ta. Aka kawo kwano. Sabi'u ya kai loma, ya kai ta biyu, aka ɗora masa hannun Mamuda a tafi. Ya rungume shi ya fashe da kuka, kukan da bai yi ba tun ranar da taya ta zame, tsoho na dafe da kafaɗarsa har ya yi ya gama. Daga baya ne aka gane Baba Iliya ya daɗe da sanin yadda ake riƙe abin.

Haka rai ya dawo wa Sabi'u, sannu a hankali, don rai dangin goro ne, ban ruwa yake so. Ya ci, ya yi salla a tsaye, ya shiga koya wa 'yan uwansa gyaran babur. Amma kowa a cikin ukun nan ya biya. Wata rana wasu fursunoni biyu suka kaure kan layin wasa har aka zubar wa ɗaya haƙori, shugaba ya tuna wa Haladu sharaɗinsa, aka hana shi ƙarin girma aka tura shi wani gari mai nisa da iyalinsa. Baba Iliya kuwa girman da ya yi shekaru yana tarawa, wanda shi ne kaɗai dukiyarsa a duniya, ya zube, yara suka zaɓi wani shugaban ɗaki. Gem dai an bar shi, tare da dokar gabza.

Da Sabi'u ya fito, kafin ya je gidansu sai da ya je ya durƙusa gaban Malam Zubairu. Dattijo ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce ya tashi. Aka kwana biyu ya yi aure, Allah ya ba shi ɗa namiji. Ya koma wajen dattijon ya ce yana so ya sa wa yaron Mamuda. Malam Zubairu ya girgiza kai ya ce, "Uwarsa ba za ta iya jin ana kiran sunan nan a lungu safe da yamma ba. Ka bar mata shi. Ka yi wa wani takwara."

To, ga safiyar suna ta zo. An shimfiɗa tabarmi, an raba goro, rago na ɗaure. Haladu ya yi doguwar tafiya ya zo, yana zaune. Malam Zubairu na gefen liman. Baba Iliya yana can gidan yari, ko an sa sunansa ba zai taɓa jin ana kiran yaron a titi ba. Sabi'u ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya tuna na ukun. Ba don idon Haladu da nacinsa ba, da ba wanda ya san maganin, balle a nemo shi, ko da yake wani zai ce ai tsaron ran fursuna aikinsa ne. Ba don Malam Zubairu ya danne zafin ɗansa ba, da ƙofa ba ta buɗe ba, ko da yake abin da ya kawo saura kaɗan ya ƙarasa yaron. Ba don Baba Iliya ya zubar da girmansa ba, da gem na nan ana bugawa an fita da gawar Sabi'u, ko da yake da hannun wani ya yi dabararsa, a ɗakin da wani ya buɗe. Ɗa ɗaya ne, suna ɗaya ne, liman kuma ya karkato kunne yana jira.

To, ku faɗa mini, sunan wa Sabi'u zai raɗa wa liman: Haladu, Zubairu, ko Iliya?