Kura da Jiƙaƙƙiyar Fata

Ga ta nan tafe gare ku!
Ta iso mu ji ta!

Ranar Laraba da hantsi, Kura ta sato fatar wani bijimin sa, ta rungume ta, ta faɗa kogi. Fata ta sha ruwa, ta fara janta ƙasa.

Kunkuru, wanda ya taɓa zama cikin mabiya addinin Buddha, ya ƙwala kira daga gaɓa: "Saki, Kura! Can aka koya mana kwaɗayi ne tushen wahala!"

"In saki fatata? Ka haukace, mai ƙoƙo!"

Da ruwa ya kai hanci, ta saki. Sai ga ta a gaɓa tana tsalle: "Wayyo daɗi! Na huta!"

Can ta hango fatar tana yawo bisa ruwa.

"Kunkuru, duba, ba ta nutse ba!"

Tsundum! Ba a sake ganin Kura ba.

Ƙurunƙus, ta ƙare a kan ɓera!