Ranar Da Hannatou Ta Kori Mai Kyamara

Akwai wata baiwar Allah 'yar Maraɗi mai suna Hannatou, tana zaune a unguwar Al Qusais cikin Dubai, ita da ɗiyarta Aziza. Ɗaki guda gare su a wani flat, gidan haya da mata biyar ke rabawa. Mijinta Mahamadou ya sake ta lokacin da kasuwa ta juya masa baya, ya tattara ya koma gida.

Da zai tafi ya bar mata magana guda. In yarinya ta cika shekara bakwai danginsa za su duba, in uwar ta gaza riƙe ta su karɓi abarsu. Yanzu kuwa saura wata biyu Aziza ta cika bakwai.

Girki ne ke riƙe da su. Kullum da azahar Hannatou na kai kulolin tuwo da dambu siton cargo, wato na aika kaya ƙasashen waje, na wani Bakano, Alhaji Dikko, inda ma'aikatansa ke ci. Akwai ranakun da ita kanta ƙanzo take jiƙawa ta sha, amma ba ka isa ka gane ba. Atamfarta uku ce, kullum a goge. Ga kwalli a ido, ga turaren wuta a ɗaki, kitson Aziza kuwa ba ya tsufa.

To, Alhaji yana da ɗa, Halliru, wanda ya dawo daga Ingila da digirin harkar fim. A can ya kalli gajerun finafinan da Turawa ke yi kan matan da ke renon 'ya'ya su kaɗai cikin talauci, ya ci alwashin sai ya yi nasa.

"Maman Aziza, ƙoƙarinki nake so duniya ta gani," in ji shi.

Hannatou ta amince. A zatonta girkinta za a nuna, ko Allah ya sa ta ƙara samun masu saye.

Ranar Asabar da hantsi ya iso da abokansa biyu, ɗaya riƙe da kyamara, ɗaya mai dogon gashi. Ta share, ta goge, ta sa atamfar da ta fi sabunta. Halliru ya tsaya bakin ƙofa yana yatsina fuska.

"Ɗakin nan bai yi ba."

"Me ya yi?"

"Tsabtar ta yi yawa. Wa zai yarda talaka ke kwana a nan? A finafinan Ingila firij wayam ake nunawa, uwar ko wanka ba ta yi ba. Anti, ki ɗauro tsohon zane. Yarinyar kuma a tsefe mata kai."

Ya durƙusa gaban Aziza ya miƙa mata kwano. "Habibti, 'yar lele, kin iya kuka? Cewa za ki yi, Mama yunwa nake ji."

Aziza ta dubi uwarta. "Mama, in faɗa? Ai na ci."

Hannatou ta zare kwanon daga hannun yarinyar. "Sauke wannan abin," ta ce da mai kyamarar.

"Ki fahimta, Anti," in ji Halliru. "Turawa za su tausaya miki, fim ɗin har kyauta zai samo."

"Kai ka karɓo kyauta a Landan, ni kuma dangin ubanta su ga tana kukan yunwa a waya? Kafin la'asar fim ɗin ya zagaye Maraɗi."

"Talauci ai ba abin kunya ba ne."

"Ban ce abin kunya ba ne. Nawa ne, ni na san yadda nake lulluɓe shi. Ɗan Alhaji, an koya maka fim, ba a koya maka rufin asiri ba. Shekara uku ina riga kowa tashi don kada yarinyar nan ta faɗi maganar da kake son saka mata a baki. Jamais, har abada."

Halliru ya miƙe. "Kin manta siton wa kike kai abinci?"

"Ban manta ba. Naɗe wayoyinka, yalla, maza. Ka bi a hankali kada ka ture mini kaskon turare."

Washegari mai gadin sito ya tare ta a ƙofa, yana sunne kai. Ya ce khalas, shi ke nan, daga yau wani gidan abinci ne zai riƙa kawowa. Ba ta roƙi kowa ba. Ta juya da kulolinta ta nufi unguwar Al Rigga, ta shiga bin shagunan 'yan kasuwarmu ɗaya bayan ɗaya cikin ranar Dubai. Wata rana abinci ya ƙare, wata rana ta dawo da rabi.

Halliru kuwa ya bi ƙofofin sauran zawarawan unguwar. Labari ya riga shi zuwa, ba wadda ta buɗe masa.

Amma labarin bai tsaya nan ba, ya kai Maraɗi a karkace. Bayan mako uku sai ga Yacouba, yayan Mahamadou, da ya zo sarin kaya. Bai sanar ba, sai sallamarsa aka ji.

Bayan an gaisa ya ce, "An ce mana yunwa ta yi muku yawa har za a sa ku a fim. Na zo da shirin tafiya da yarinya."

"An so a sa mu, Yaya. Ga ta nan, tambaye ta."

Aziza ta durƙusa ta gaishe shi. Ya ce ta faɗa masa abin da ya faru.

"Cewa suka yi in yi kukan ƙarya, Baffa. Mama ta kore su. Har mai dogon gashin ya manta takalminsa."

Yacouba ya danne dariya, ya juya ga Hannatou. "An ce kin rasa siton ma. Ashe a kan haka ne."

"Na rasa."

"To da me za ki riƙe ta?"

"Da hannuwan nan biyu. Ba ni da sito, ba ni da miji, c'est vrai, gaskiya ne. Amma duk mai son ɗaukarta sai ya fara faɗa mini abin da ta rasa."

Yacouba ya dubi yarinyar. Sannan ya ciro waya ya kira ƙanensa a gaban Hannatou.

"Mahamadou, na ga ɗiyarka. Matar da ta zaɓi rasa abincinta a kan a wulaƙanta jininmu, ba da hannuna za a raba ta da ɗiyarta ba. Ka bar ta inda take." Ya kashe wayar. "In akwai sauran dambu a zubo mini, tun safe nake yawo a kasuwar Deira."

Darasi: Talaka ba kayan kallo ba ne. In za ka taimaki uwar da ke fama ita kaɗai, ka taimake ta asirinta a rufe. Ke kuma da kike cikin halin, kada ki sayar da mutuncin ɗanki don tsoron rasa abinci, mai bayarwa Allah ne. Ku tura wa duk wata uwa da kuka san tana wannan gwagwarmaya, ta san muna ganin ƙoƙarinta.