Damin da Ya Fi Kowane Girma

Akwai wani mutum, manomi, wanda Allah ya ba shi gona mai kyau da kunne mai gajen haƙuri. Bai taɓa jin labari har ƙarshe ba. Da ya ji inda ya yi masa daɗi, sai ya kakkaɓe riga ya tashi.

Yana da 'ya mai suna Afiniki, malamar kimiyya ce a birni. Da kaka ta yi, ta zo gida. Wata rana suna hutawa a gindin ɗorawa a bakin gona, ta ce, "Baba, masana sun gano wata duniya can nesa, tana kewaya tauraronta kamar yadda tamu ke kewaya rana. Faɗinta ya ninka na tamu fiye da sau biyu."

"Sau biyu?" in ji shi. "To, ai wannan ni ne a ƙauyen nan!"

"Tsaya mana, Baba, ban gama ba."

Amma tuni ya saɓa lauje ya yi gaba.

A ikilisiyarsu, ran Lahadin godiyar kaka, kowane magidanci yakan ɗauko damin dawa a ka, ya shigo da rawa, ya ajiye a gaban bagade. Daga nan a zuba a rumbun coci, sai damina ta yi tsakiya a raba wa gwauraye. Mutumin nan ya yi tunani, ya ce a ransa, "Kafin damina wa zai tuna damin wane ne wannan?" Sai ya tara kara da karmami ya yi ciki da su, ya jera zangarniyoyi masu kyau a waje, ya ɗaure tam. Dami ya fito kamar ɗakin kaji.

Ran Lahadi ya sa babbar riga a kan babbar riga, ya shigo da damin a ka yana nishi, ka rantse jaki ya ɗauko. Mata suka yi guɗa. Da ya ajiye, bai koma wurin zamansa ba. Ya tsaya a gaban taga ɗaya da ke haska littafin fasto, ya ware hannuwa ya ce, "'Yan'uwa, 'yata ta ce akwai wata duniya da ta ninka wannan. Haka Ubangiji ya ninka ni a cikinku." Fasto kuwa yana ta karkata littafi yana neman haske.

Abin da mutumin bai sani ba, gara da ɓeraye sun cinye rabin dawar bara a rumbu. An yi sanarwa makon da ya wuce cewa bana za a sussuke komai a ranar, a raba nan take. Shi kuma ya fita tun kafin a gama sanarwar.

Da aka tashi, sai ga turame a farfajiya. Uwar zumuntar mata, Mama Briskila, ta ce a fara da babban dami, a ba gwauruwar da ta fi yawan marayu. Ta sunkuya ta kama igiyar, za ta nemi taimako, sai damin ya taso a hannunta ɗaya.

Ta ce, "Ikon Allah! Baban Afiniki, ashe a tsufana ƙarfi ya zo mini."

Aka kwance igiya. Kara ya watse, iska ta kwashi karmami ta bi da shi kan katanga. Aka sussuka, aka sheƙe, dawa ba ta cika mudu uku ba. Gwauruwar nan tana tsaye da buhu a buɗe. Ta naɗe buhun a hankali ta sa a hammata.

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi dariya zafi. Mutumin ya dubi ƙasa, ƙasa ta ƙi buɗewa. Zufa ta jiƙa rigar ciki ta fito ta waje.

A hanyar gida Afiniki na bayansa, kanta a sunkuye. Can ya ce, murya ƙasa ƙasa, "Duniyar nan taki, ƙarasa mini."

Ta ce, "Baba, yawancin girman nan iska ce ta lulluɓe ta. Irinta in ta kusanci tauraro, zafinsa yakan yi ta kwashe iskar. Kuma ba ta da hasken kanta. Ba wanda ya taɓa ganinta. An san tana nan ne don in ta gitta gaban tauraron, haskensa yakan ragu."

Suka isa gida. Ya tuɓe rigunan biyu, ya shiga rumbunsa, ya ɗauko dami na gaske. Da rana tsaka ya ratsa ƙauye da shi zuwa gidan gwauruwar, ba kiɗa, ba guɗa. Wannan karon nishin ma na gaske ne.

Ma'anar wannan misali ita ce: tauraron nan Ubangiji ne, duniyar kuwa ni da ku. Ba mu da haske sai wanda muka aro. Wasunmu girmanmu iska ce, kuma ba a sanin muna cikin ikilisiya sai mun tare wa wani haske. Wanda ya kusanci Ubangiji, zai ga ana kwashe masa karmami, kuma akwai kunya a ciki. Amma gara a kwance daminka yau, kana da sauran ƙafar komawa rumbu, da a kwance shi a ranar ƙarshe.

Na ga wasu suna waiwayen maƙwabtansu. Ku bar wuyanku ya huta. Kowa ya taɓa nasa damin, ya ji ko yana da nauyi.