Gidan da Ya Kori Inno

Alhaji Maitama ɗan kasuwar hatsi ne a Funtua, mutum mai kyauta da son zumunci. Aibinsa ɗaya ne, amma ya ishe shi: duk abin da zai yi, sai ya fara tunanin me mutane za su ce idan sun gani. Hula, mota, har ragon layya, don idon masu wucewa yake zaɓa. Shi ne ɗan fari a ɗakinsu, kuma tun rasuwar mahaifinsu mahaifiyarsu Inno take zaune a wurinsa. Wannan ma abin alfahari ne gare shi. Ko ana cinikin masara sai ya san yadda ya sako zancen cewa tsohuwa tana gabansa.

Shekarar da kasuwa ta yi masa kyau ya sayi fili a bakin titi, ya ce zai yi gidan da duk wanda ya wuce sai ya waiwaya. Ginin ya kai kan taga sa'ad da ƙanwarsa Ummukulsum, wadda ke aikin jinya a Malumfashi, ta zo ta gani. Ta zagaya, ta tsaya gaban manyan ramukan da aka bari don gilashi, ta riƙe haɓa.

"Yaya, duk tagogin nan yamma suke kallo. Daga azahar rana za ta shigo ta zauna muku har magariba."

"Titi ne a yamma," in ji shi. "In juya wa titi baya? Wa zai ga gidan, gonar dawa?"

"To a yi baranda ta kare su. Ina darbejiyar da na gani a nan kwanaki?"

"Na sa an sare. Tana tare fuskar gida."

Ummukulsum ta haɗiye abin da ya zo mata. Sannan ta roƙe shi ko kwano ya sa mai haske, a yi silin mai kyau, a buɗe ƙananan tagogi ta kudu da arewa don iska ta ratsa. Ya yi dariya har da buga cinya.

"Ke da Malam Abdussamad kun gina rumbu kun shiga, ban hana ku ba. Ni esi zan sa a kowane ɗaki."

"In babu wuta fa?"

"Janareto don me aka yi shi?"

Rumbun da yake faɗa shi ne gidan da ita da mijinta suka gina da bulon jar ƙasa wanda aka matse da inji. Bangonsa da kauri, rufinsa fari, baranda ta zagaye shi, tagoginsa na kallon juna. Ba ya ɗaukar ido daga nesa, shi ya sa Alhaji bai taɓa ɗaukarsa gida ba.

Haka aka gama nasa yadda ya so. Bulo siriri, baƙin kwano mai tsini da ake hangowa tun daga kwana, gilashi daga gwiwa har sama, tsakar gida kuwa aka shafe ta da siminti ko ciyawa ba a bari ba. Aka tare lokacin sanyi, jama'a suka yi ta zuwa kallo. Tsohon gidansu na ƙasa kuma Alhaji ya rushe ɗakunan ya mai da shi sito.

Ɗakin gaba, mai gilashi mafi girma, shi ya ba Inno. Ta aiko matarsa Hajiya Rabi ta tambaya ko akwai ɗan ƙaramin ɗaki a baya.

"Uwata a ɗakin baya? Mutane su ce me?"

Ba a sake zancen ba.

Bazara ta shigo, azumi ya biyo ta. A nan gidan ya nuna halinsa. Da hantsi kwano ya fara gasa su daga sama, da azahar gilashi ya karɓa, siminti yana hura nasa daga ƙasa. Rana ta faɗi ma ba a huta ba, don sai lokacin bango yake amayo zafin da ya sha. Wutar lantarki sai ta ga dama. Janareto ya kasa ɗaukar esin gidan duka, man fetur ya yi wuyar samu, ga ƙara da hayaƙi. Ko an samu an kunna, da an kashe sanyin yake gudu kamar an kore shi. Daga baya injin ya tsaya cak, makanike ya kwance shi ya tafi neman kaya.

Alhaji bai san rabin wannan ba, domin shi a rumfarsa ta kasuwa yake wuni, inda iska ke kaɗawa. Idan ya dawo sai ya durƙusa a ƙofar Inno.

"Inno, ɗakin dai ya yi ko?"

Ita kuwa ta kawar da kai, kamar yadda ta saba, ta ce, "Alhamdulillahi."

Sai ya miƙe da murna ya sami Rabi. "Kin ji? Mai ɗakin ba ta yi ƙorafi ba, ke ce kullum cikin mita."

"Alhaji, tsakaninka da Allah, yaushe Inno ta taɓa buɗe baki ta faɗa maka damuwarta? Ko sunanka ba ta kamawa, kai ne fa ɗan fari. Ni take faɗa wa. Zane take jiƙawa ta lulluɓa, kafin ta juya ya bushe. Ka bar ta ta dawo ɗakina na baya."

"In baƙi sun zo gaishe ta a ratsa da su ta kicin? Ku ƙara haƙuri, an kusa gyara injin."

Ya san al'adar sarai, a cikinta ya tashi. Amma "Alhamdulillahi" ɗin ta yi masa daɗi, don haka ya riƙe ta a matsayin amsa.

Wata rana bayan la'asar Rabi ta leƙa ta tarar da Inno kwance a kan tayil, ba ta amsa sallama. Aka kwashe ta sai asibiti. Likita ya ce zafi ne da ƙarancin ruwa a jiki, aka yi mata ƙarin ruwa. Da aka sallame ta, Ummukulsum ba ta nemi shawarar kowa ba, ta ce za ta tafi da ita Malumfashi ta murmure. Alhaji ya yarda, a kan kwana kaɗan ne.

Kwana kaɗan suka wuce, Inno ba ta dawo ba. Magana ta shiga kasuwa. Alhaji Abdulmutallib, maƙwabcin rumfarsa, ya dube shi yana murmushi a gaban mutane.

"Alhaji, wai da gaske tsohuwa ta koma gidan suruki? Mu da muka ɗauka fadar nan dominta aka gina!"

Uwa a gidan mijin 'yarta, ɗanta namiji yana raye da wadatarsa! Alhaji bai iya ƙarasa cinikin ranar ba. Ya ja mota da tsakar rana ya nufi Malumfashi, yana ta shirya maganganun da zai faɗa wa Ummukulsum.

Malam Abdussamad ya tarbe shi da girmamawa, ya ce Inno tana salla, ya ɗan jira a falo. Alhaji ya zauna yana huci, babbar riga ta manne masa a baya. Ya ɗaga kai yana neman esi, bai gani ba. Fanka ɗaya ce ke juyawa a hankali da wutar sola, iska na shigowa ta wannan taga tana fita ta waccan. Ya ce a ransa bari ya ɗan jingina kafin su fito.

Kiran la'asar ne ya tashe shi, hula ta faɗi gefe, baki a buɗe. Inno na zaune a kan tabarma can gefe tana jan carbi, Ummukulsum a bakin ƙofa tana danne dariya.

"Yaya, an tashi lafiya? Ya rumbun namu?"

Ya lalubo hularsa, ya gyara murya, ya durƙusa. Duk maganganun da ya shirya suka watse.

"Inno, na zo ne mu koma gida. Mutane suna magana."

Inno ba ta dube shi ba. Ta juya wajen 'yarta.

"Ummu, ki faɗa wa yayanku ban yi fushi ba. Ya yi mini gida, Allah Ya yi masa albarka. Amma ni ba masara ba ce da za a shanya. Kunyar zama a nan ina jin ta kullum, ko abinci ba na iya ci a gaban Malam. To amma kunya ba ta kai ni asibiti ba."

"Zan sayo babban inji, Inno. Zan..."

"Ki ce masa ya bari. Ranar da ya yi ɗakin da mutum zai iya barci a ciki kamar yadda shi ya yi barci yanzu, ya zo ya ɗauke ni."

Shi kaɗai ya koma Funtua. Da Salla ta zo, dangi daga Gozaki da Mahuta suka cika motoci don gaishe da Inno. Ta gaban gidansa wasu suka wuce, suka kalli kwano da gilashi, ba su tsaya ba. Shi ma dole ya bi sahunsu, ya cire takalmi a ƙofar surukinsa, ya shiga layin masu gaisuwa.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Gida don mazauna cikinsa ake gina shi, ba don masu wucewa ba. Kafin a sa bulo ɗaya a duba inda rana take faɗuwa da inda iska take bi, a yi bango mai kauri da rufi mai haske, a bar itace ya yi inuwa. Gidan da aka yi haka yana riƙe sanyinsa ko da wuta ko babu, yana rage wahalar mai da inji, yana kare lafiyar tsofaffi da yara. Wanda kuwa ya gina don a gani, zai samu a gani ɗin, amma na cikin gida ne za su sha wuya. Kuma idan babba ya yi shiru don kunya, kada a ɗauki shirunsa a matsayin yarda.