Hana-Sallar Tasi'u Mai Fitila Uku

Ku gyara zama. Kai mai latse-latsen nan, kife wayar a cinya, don labarin na irinku ne, kuma in na kai ƙarshe ba mai tashi sai an yanke hukunci.

A Kurna, inda jirage ke bi ta saman kwanon mutane in za su sauka a filin jirgin Kano, an yi wani saurayi Tasi'u. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, sai ƙanen mahaifin, Baffa Ashiru, ya riƙe shi tare da yayyensa biyu, Dayyabu da Barira. Yaron nan tun yana goye in jirgi ya wuce sai ya banƙare yana neman sa. Ya tashi ba abin da yake so a duniya kamar tuƙin jirgi, amma kun sani na sani, makarantar matuƙa ba ta ɗan talaka ba ce. Ana haka wani kamfani ya sa gasa: a yi faɗan jiragen yaƙi a kwamfuta, wanda ya zo na ɗaya a kai shi makarantar a koya masa na gaske. Kujera ɗaya ce tak. An kuma yanka iyakar shekaru, Tasi'u yana bakin gaɓa, in ta wuce shi a wannan karon ta wuce ke nan har abada.

To, faɗan sama na ido ne. Wanda ya riga ganin ɗan'uwansa shi ke zagayawa bayansa ya harbo shi. Matuƙin gaske waiwaye yake yi, amma wanda ke zaune gaban allon kwamfuta in ya waiwaya sai dai ya ga bangon ɗaki. Shi ya sa aka ƙera na'ura mai bin motsin kai: ka ɗan juya hagu, hoton ya juya hagu, ka ɗaga, ya nuna maka sama. Duk wanda ya shiga gasar ba da ita ba, rakiya ya yi.

Dayyabu mai gyaran waya ne, shi ya ɗauki nauyin zaɓen na'urar. Iri uku ya tarar. Akwai wadda kyamara ke bin fuskar mutum kai tsaye, ya gwada ya ga da haske ya ragu sai ta ɓatar da fuskar, mu kuwa da Allah ya yi baƙaƙe abin ya fi ƙamari. Akwai wani ƙaton tabarau mai rufe ido da kunne gaba ɗaya, shi Tasi'u ya so, amma yana sa shi jiri da zufa. Dayyabu ya ce, "Ba za ka ɗaure kanka a tukunya ba, a yi kiran salla ba ka ji ba." Tasi'u ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Yaya." Sai Dayyabu ya ɗauki ta ukun. Ya samo hula hana-salla, ya farke tsofaffin rimot na talabijin ya ciro ƙananan fitilunsu uku, ya dasa a bakin hular da samanta, ya kafa kyamara a kan allo tana kallon su. Ya ƙona yatsu da dalma har ba ya iya cin tuwo mai zafi. Ba don hular nan ba, da Tasi'u ko zagayen farko bai haye ba.

Barira kwamfuta take karantawa, kuma bakinta ya fi na Dayyabu kaifi. Ta ce hula dai ta yi, amma jaki ce, sai an juya wuya kamar za a karye kafin hoto ya motsa. Ta zauna ta saita ta, ta bar karatun jarrabawarta har ta sha faɗuwa a darasi guda. Ta mayar da na'urar yadda in Tasi'u ya motsa kai faɗin yatsa, ya hango abin da ke bayan jirginsa. Akwai ɗan sarari da masu na'urar ke bari a tsakiya, inda kai zai yi ɗan motsi hoto bai bi shi ba. Tasi'u ya roƙe ta ta bar masa shi. Ta ce, "Wannan na malalata ne, ƙanena. Kafin su waiwaya kai ka gama gani." Ta share shi. Kuma gaskiyarta ce, don yaran masu hali da suka zo da kayan waje haka ya riƙa kakkaɓo su ɗaya bayan ɗaya. Ba don saitin nan ba, da a tsakiyar gasa aka koro shi gida.

Shi kuwa Baffa Ashiru ko kunna kwamfuta bai iya ba, hana-salla ma haushinta yake ji. Amma ranar da dangi suka taru suka ce ƙato da gemu yana wasan yara, a kai shi kasuwa, Baffa ne ya buga sanda a ƙasa ya ce ba mai taɓa masa yaro. Ya sallame shi daga tsaron shagon hatsi, ya kwashe tabarmarsa daga zaure ya bar masa wurin. Bayan wannan akwai abin da ya ba shi tun da daɗewa. Baffa mutum ne da ba a yi masa rawar kai. Yaro a gabansa zama yake kamar an dasa shi, in babba ya yi magana ya dubi ƙasa, kuma kunnen Tasi'u ya sha murɗa kafin abin ya zauna masa. Saitin Barira kuwa ba ya yiwuwa sai ga mai tsayayyen wuya. Abokan Tasi'u sun ara sun gwada, kansu na kaɗawa kamar na ƙadangare, hoto ya yi ta tsalle har su ji amai. Tasi'u kaɗai ya iya da shi. Ba don tarbiyyar nan ba, da hular da saitin duk aikin banza ne.

Rana ba ta ƙarya. Aka zo karon ƙarshe a wani babban zaure da rana tsaka, saura Tasi'u da wani yaro guda. Suka yi ta zagaye da juna a sama, jama'a na kallo a ƙaton allo, har Tasi'u ya samu bayan abokin karawarsa. Saura ya daidaita ya danna.

A daidai nan Baffa ya iso, cunkoson hanya ya riƙe shi. An ja igiya an ce kada kowa ya ƙetare, amma masu gadi suka ga dattijo da furfura da babbar riga, wa zai sa hannu ya tare shi? Su ma 'ya'yan mutane ne. Ya taka har bayan kujerar, shi a ganinsa yaro na zaune ne yana kallon talabijin. Cikin murna ya ce, "Tasi'u, ga ni na iso. Allah ya yi maka albarka."

Tasi'u bai yi shawara da kansa ba. Wuyan ne ya yi abin da aka koya masa. Ya sunkuya ya ce, "Amin, Baffa."

Hoto ya rufta ƙasa, duk zauren suka ga ƙafafun matuƙi a allo. Bakin hular ya kife, fitilun suka ɓace wa kyamara, hoton ya maƙale a nan. Ya ɗago da sauri, amma kafin kyamara ta sake kama fitilun wancan yaron ya zame ya zagayo. Jirgin Tasi'u ya kama da wuta. Ta leƙo ta koma. Wallahi ba iyawa aka fi shi ba. Alƙalai suka ce doka ba ta san gaisuwa ba. Baffa kuwa yana tsaye yana murmushi, yana tambayar na kusa da shi ko an gama ne.

Tasi'u ya miƙe. Ya cire hular ya ajiye a kan kujera, ya raka Baffa har bakin titi ya tsayar masa da adaidaita sahu. Bayan 'yan kwanaki ya bi motar kaya zuwa kudu, yanzu yana can yana lodin buhuna, kuma ba ya ɗaga wayar kowa a gidan.

Gida kuwa ya zama filin shari'a. Laifi tudu ne, kowa ya take nasa yana hango na wani. Barira ta ce da a ce Dayyabu ya bar yaro ya sa tabaran da ya so, da ko ganga aka buga a bayansa ba zai ji ba. Dayyabu ya ce da ba ta share ɗan sararin nan ba don nuna iyawa, da sunkuyon bai kai hoto ƙasa haka ba. Su biyun in sun keɓe sukan ce da tsoho ya yi shiru da yanzu ana wani zancen, amma ba mai iya faɗa a gabansa. Baffan ma ya ji a bakin mutane. Ya ce shi albarka ya sa wa ɗansa, in albarka ta zama laifi to a nuna masa a wane littafi. Yana faɗa yana share ido da bakin rawani.

Mahaifiyarsu ta gaji. Ta ce ita ɗanta take so, wanda ya kayar da shi a cikinsu ya shiga mota ya je ya ba shi haƙuri ya dawo mata da shi. Damina ta wuce, wata ta sake zuwa, ba wanda ya je tasha, don duk wanda ya tafi ya amsa laifin ke nan.

To, ga ku ga su. Wanda ya zaɓi hular da ta bar kunne a buɗe, da wadda ta saita ta yadda ba ta yafe ko ɗan motsi, da wanda ya koya wa wuyan sunkuyo sannan ya zo ya kira sunansa. Ba don kowannensu ba da bai kai bakin kujerar ba. Wane ne a cikinsu ya raba shi da ita, wa ya kamata ya shiga motar nan?